Feshin Hanci, Ƙwaya ko Allura: Zaɓen Hanyar Maganin Homon a Zafin Sakkwato

Shaƙa magani ta hanci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan asibiti ana ba mai ciwon kai gari ya shaƙa, ana turara wa mai mura hayaƙi. Likitocin Turai ma sun bi ta nan. Kafin a ƙera desmofiresin, maganin rage yawan fitsari, a birnin Firag a 1967, masu ciwon yawan fitsari busasshen garin fitutarin dabbobi, wato ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, suke shaƙa kamar garin taba, wasu har ya taɓa musu huhu. Sabon abu shi ne maganar da ke yawo yanzu, wai hanci yanke ne zuwa ƙwaƙwalwa, da an fesa homon, wato sinadarin da jiki ke aikawa da saƙo ta jini, a ciki ya isa can, ya gyara mantuwa, ya kwantar da hankali, ya buɗe bakin yaron da bai magana. Maganar tana da tushe, amma an zuba mata gishiri da yawa. Wanda zai fitar da kuɗinsa ya kamata ya san inda gaskiyar ta tsaya.

Hanyoyi biyu ne a cikin hanci

Ta farko tana ƙasa da tsakiyar hanci. Wurin shimfiɗe yake da jar fata mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Maganin da ya sauka nan yana ratsawa ya shiga jini ba tare da ya bi ta ciki da hanta ba. Wannan ne amfaninta, domin yawancin homon ɗin da ake magana a kai, irin su insulin, oksitosin, desmofiresin da gulukagon, dangin furotin ne, ciki kuwa narkar da su yake yi yadda yake narkar da tsokar nama.

Ta biyu tana can sama, a rufin hanci. Tsakanin rufin da ƙwaƙwalwa akwai wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya, ta cikin hudojinsa jijiyoyin jin ƙamshi suke saukowa. Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini wanda ke hana manyan ƙwayoyin magani shiga, to a nan rufin hanci ne kaɗai jijiyoyinta suka leƙo waje. Magani na iya bin gefen waɗannan jijiyoyi, da gefen wata babbar jijiyar fuska da ta yi rassa a hanci, ya kai ga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wani mai bincike a Amurka, William Frey, ya nemi rajistar wannan dabara a 1989. A 2002 Jan Born da abokan aikinsa a Lubek ta Jamus suka fesa wa mutane insulin da basofiresin, homon ɗin riƙe ruwa a jiki, suka ɗebi ruwan lakarsu, suka tarar da homon ɗin ya ƙaru a ciki kafin rabin awa.

Hanyar akwai ta ke nan. Matsalar ita ce ƙunci. A ɓera, kusan rabin cikin hancinsa wurin jin ƙamshi ne, shi ya sa gwaji ke yin kyau a kansa. A ɗan Adam wurin bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma yana bayan wani matsatsin lungu da feshin kwalba na yau da kullum ba ya kai wa. Kafar hanci ɗaya ba ta riƙe fiye da kimanin mililita 0.1 zuwa 0.15 kafin ya gangaro. Sannan 'yan gashin da ke kaɗa majina suna share duk abin da ya shigo zuwa maƙogwaro cikin minti 15 zuwa 20. Masu bincike biyu a Edinbara, Leng da Ludwig, sun yi lissafi a 2016 cewa abin da ke kai wa ruwan ƙwaƙwalwa daga feshin oksitosin bai wuce kashi 0.005 cikin ɗari ba.

Ga abin da mai sayen magani zai riƙe: duk feshin homon da hukumomin magani suka amince a rubuta wa marar lafiya, ta hanyar farko yake aiki, wato ta jini. Desmofiresin ƙoda yake nufa. Gulukagon, mai ɗaga sukarin jini, hanta yake nufa. Hatta magungunan da ke aiki a kan fitutari, ɗan ƙullutun nan mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta jini suke isa gare shi, domin fitutari yana wajen shingen.

Abin da gwajin hanyar ƙwaƙwalwa ya nuna

Insulin aka fi sa wa rai a kan ciwon mantuwa na Alzaima. Ƙaramin gwajin Suzanne Craft na 2012, da mutum 104 na tsawon wata huɗu, ya ba da alamun samun sauƙi. Da aka yi babban, aka buga shi a 2020, da mutum 289 suna karɓar yunit 40 kullum har shekara guda, ba a ga bambanci tsakanin masu insulin da masu feshin banza, wato wanda babu magani a cikinsa, ba. Akwai wani abin lura a cikinsa. Na'urar feshin da aka fara da ita ta riƙa lalacewa bayan mutum 49, aka sauya wata ga sauran 240, kuma sakamakon ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba. Wato ko a hannun ƙwararru, ba a gama sanin nawa ke kai wa rufin hanci ba.

Oksitosin ma haka. Wani gwaji na 2005 ya ce yana ƙara yarda tsakanin mutane, jaridu suka laƙaba masa suna homon ɗin ƙauna. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya da mutane masu yawa ba su samu abin da aka faɗa ba. A 2021 aka buga gwajin yara 290 masu otizim, larurar da ke wahalar da magana da cuɗanya da mutane, 'yan shekara 3 zuwa 17, na mako 24, bai fi feshin banza ba.

Saboda haka tsakanin sayen irin wannan feshi ta intanet da barinsa, babu wani dogon tunani: a bar shi. Kuɗin ya fi amfani wajen auna hawan jini da sukarin tsohon da ke mantuwa, ko koyar da magana ga yaron. Kuma kada wanda ya ji labarin ya zuƙi insulin na allura ya ɗiga a hanci. Abin da ke shiga jini ta nan ɗan kaɗan ne, kuma yau daban gobe daban, ba ya riƙe ciwon sukari. Haka oksitosin na kwalbar allura, wanda mata suka sani da allurar naƙuda. Aikinsa na hana zubar jini bayan haihuwa yunit 10 ne a tsoka, kuma a firij ake ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Inda babu firij, madadinsa shi ne karbetosin mai jure zafi, maikirogiram 100, wanda aka gwada a ƙasashe goma har da Najeriya aka buga a 2018, ko kuma ƙwayar misofurostol. Hanci ba ya cikin lissafi a ɗakin haihuwa.

Desmofiresin: nan ne zaɓin gaske yake

Akwai ciwon da mutum ke fitsari fiye da lita uku a yini, wani ya kai goma ko fiye, fitsarin fari tas kamar ruwan randa, ga ƙishirwa dare da rana, amma in an auna babu sukari. Dalili shi ne fitutari ya daina sakin homon ɗin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. A nan yankin ana ganinsa bayan buguwar kai a hatsarin kabu-kabu, bayan sanƙarau ko tarin fuka da ya hau kai, da kuma bayan tiyatar ƙari a gindin ƙwaƙwalwa, irin wadda ake yi a cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Maganinsa desmofiresin, wanda a kwali aka fi ganinsa da sunan Minirin ko DDAVP. Yana zuwa iri huɗu.

Feshin hanci yana ba da maikirogiram 10 a kowace dannawa. Babba yakan buƙaci 10 zuwa 40 a yini, sau ɗaya ko a raba biyu. Kashi uku zuwa biyar cikin ɗari ne ke shiga jini, yana fara aiki cikin awa guda, yana kuma daɗewa, sau da yawa awa goma zuwa goma sha biyu. Wannan ne kyansa: feshi ɗaya da dare, mutum ya yi barci har asuba bai nemi buta ba.

Ƙwayar haɗiya tana zuwa da miligiram 0.1 da 0.2. Abin da ke tsira daga ciki ya shiga jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba, shi ya sa adadinta ya ninka na feshi nesa. Ana yawan farawa da 0.1 sau biyu ko uku a yini, a riƙa gyarawa. Abinci yana rage shigarta da kusan kashi 40, don haka ko dai a sha ta nesa da tuwo, ko a tsayar da al'ada ɗaya kullum. Akwai kuma ta ƙarƙashin harshe, mai narkewa ba ruwa, 60 da 120 da 240 na maikirogiram. 60 ɗinta tana daidai da ƙwayar 0.1. Ta huɗu allura ce, maikirogiram 4 a mililita, ana ba babba 1 zuwa 4 a yini.

A takarda feshi ya fi kyau. A Sakkwato, ga mafi yawan mutane, ƙwaya ta fi, kuma dalilan uku ne.

Na farko hancin kansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da fatar hanci, ta tsattsage, ta yi ɓawo, haɓo ya yi yawa, mura ta zagaya gida. Hancin da ya toshe da majina ba ya shan magani, sai fitsari ya dawo. Mai ciwon ya ga haka ya ƙara feshi. Kwana uku mura ta saki, hanci ya buɗe, sabon adadin ya shiga jini gaba ɗaya. A nan hatsarin yake, domin desmofiresin da ya yi yawa yana sa jiki ya tara ruwa har gishirin jini ya tsinke. Sodiyam na lafiya 135 zuwa 145 ne. In ya faɗi sai ciwon kai, tashin zuciya, amai, ruɗewa, daga nan jijjiga da suma. Hanji bai san hunturu ba, abin da ya sha jiya shi zai sha yau.

Na biyu daidaita adadi. Kwalbar feshi ba ta san rabi ba, ko 10 ko 20. Yaro, ko babban da 5 ta ishe shi, ba shi da mafita. Ƙwayar 0.1 kuwa ana karya ta biyu.

Na uku zafi. Wasu nau'o'in feshin firij suke so, wasu an yarda a ajiye su a ɗaki in bai wuce digiri 25 ba. Ɗakin kwano a Afrilu, lokacin da gari ke haura 40, ba shi ne ɗakin da masu rubuta takardar suke nufi ba. Ruwan magani yana lalacewa da zafi, yana kuma iya yin akasin haka: a 2020 an janye feshin desmofiresin daga kasuwannin ƙasashe da dama saboda murfin bai rufe gam ba, ruwa ya tsane, maganin ya yi kauri fiye da abin da aka rubuta. Busasshiyar ƙwaya ta fi haƙuri, in an bar ta a robarta tare da ɗan abin tsotse laimar da ke murfin. Kada a juye ta a ledar kemis.

Yaushe feshi ya fi? Ga wanda hanjinsa ba ya shan ƙwayar yadda ya kamata, ga wanda ƙwaya ke sakinsa da tsakar dare duk da an ƙara, da wanda ya shekara goma a kan feshi sodiyam ɗinsa lafiya lau kuma yana da firij mai wuta. Irin wannan ba a taɓa shi don kawai sabon salo. In za a sauya, babu lissafin da ke cewa feshi kaza daidai yake da ƙwaya kaza ga kowa. Ana fara ƙwayar kamar awa 12 bayan feshin ƙarshe, da ƙaramin adadi, a auna fitsarin yini a jarka mai ma'auni, a duba sodiyam cikin 'yan kwanaki.

Allura kuwa ta gadon asibiti ce: wanda ya suma, mai amai, wanda za a shiga da shi tiyata. Tiyatar fitutari galibi ta hanci ake bi, a fito da mutum hancinsa a kumbure ko a cushe da auduga, feshi ba shi da wurin sauka. 'Yan jinya su riƙe wannan da kyau: desmofiresin ba maganin da ake tsallakewa ba ne don an kwantar da mutum saboda wani ciwon daban. Hukumar lafiyar Ingila ta fitar da gargaɗi a 2016 bayan mutane sun mutu a asibiti saboda an manta ba a ba su ba. Kwalbar feshi tana kama da maganin mura, sai a ɗauka ba ta da muhimmanci. Ɗan jinya ya buɗe baki ya ce, "Sista, Baba yana kan maganin riƙe fitsari, bai samu na safe ba."

Ko wane iri aka zaɓa, ƙa'idar ruwa ɗaya ce: a sha in an ji ƙishi, ba don an miƙo ba. Wannan yana da wuya a garin da ake tarbar baƙo da ruwa, a biyo da fura, a rufe da shayi. Likitoci da yawa suna sa mai ciwon ya jinkirta magani sau ɗaya ko biyu a mako har fitsari ya ɓalle sosai, don jiki ya zubar da rarar ruwan da ya tara. Magungunan da ake saye kai tsaye a kemis ma suna ƙara hatsarin: ibufurofen, daikulofenak, indometasin, da kabamazefin na farfaɗiya da amitiriftilin. Loferamaid na tsayar da zawo yana iya ninka ƙwayar desmofiresin har sau uku a jini. Azumi kuma, musamman in ya faɗo a bazara, ba abin da mai wannan ciwo zai shiga ba ne sai ya zauna da likitansa.

Fitsarin kwance na yara hukuncinsa a yanke yake. A 2007 hukumomin magani na Amurka da Birtaniya suka cire shi daga ayyukan feshin desmofiresin saboda yaran da suka yi jijjiga bayan gishirin jininsu ya faɗi. Ƙwaya kaɗai ta rage, miligiram 0.2 lokacin kwanciya, ga yaron da ya kai shekara biyar ko shida, a taƙaita ruwa daga awa ɗaya kafin sha zuwa awa takwas bayansa, a dakatar ranar da yake amai ko zawo, a huta mako guda duk bayan wata uku a ga ko ya daina. Kafin a kai nan ma a auna fitsarin. Sukari, ciwon mafitsara, da tsargiya a garuruwan bakin gulbi irin su Wurno da Goronyo, duk suna jiƙa tabarma. Yaro mai sikila kuwa yawan fitsarinsa daga ƙoda ne kuma ruwa ne garkuwarsa, ba a hana shi sha da dare sai da sanin likitan jini.

Masu kashe fitilar fitutari

Akwai wani gidan magunguna da ke sa fitutari ya daina aika wa ƙwan mace ko na namiji umarni. Ana ba da su ga endometiriyosis, wato tsirowar naman cikin mahaifa a wajenta mai kawo azabar ciwon mara, da rage girman ƙarin mahaifa kafin tiyata, da balagar wuri a yara, da shirin dashen ciki. Na hanci su ne nafarelin da buserelin. Na allura goserelin, lufurorelin da tiriftorelin.

Nafarelin maikirogiram 200 ne a feshi ɗaya. Ga endometiriyosis, ɗaya da safe a kafa ɗaya, ɗaya da yamma a ɗaya kafar, a fara tsakanin rana ta biyu da ta huɗu ta al'ada. Feshi 60 ke nan a wata. Buserelin ya fi wahala, feshi ɗaya a kowace kafa sau uku a yini, 180 a wata. A ɗaya gefen ga goserelin miligiram 3.6, ɗan tsinke da ake sakawa ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, ko lufurorelin 3.75 duk wata, akwai ma na wata uku.

Yadda suke aiki ne ke yanke hukunci. Da farko zuga fitutari suke yi, shi ya sa ciwo ke iya ƙaruwa a mako ɗaya ko biyu na farko. Sai da ci gaba da bugu ba hutu yake gajiya ya yi shiru. Duk tsallaken feshi hutu ne gare shi. Mace ta manta kwana biyu saboda biki, ko mura ta toshe ta, sai jini ya dawo, ƙwai ya iya fita, ciki ya iya shiga alhali tana kan maganin da ba a so da ciki. Don haka ana haɗawa da tazarar da ba ta homon ba, kamar kwaroron roba. Ga matar da za ta zo daga Isa ko Tangaza, allura ɗaya a wata ta fi kwalbar da za ta riƙa tunawa da ita sau biyu ko uku kullum a cikin zafi. Feshi yana da fifiko ɗaya: in illar ta yi yawa, zufa da jin zafin jiki da ciwon kai, ana ajiye shi ya fita cikin kwanaki, allurar wata kuwa sai ta cinye wa'adinta. Wannan ya sa wasu cibiyoyin dashen ciki ke son sa. Duka biyun suna rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ba a wuce wata shida ba tare da likita ya ƙara ɗan homon na kariya ba.

Inda hanci ya yi zarra

Gulukagon ne. Mai insulin ya faɗi, sukarinsa ya yi ƙasa, ba ya iya haɗiya. Tsohon tsari allura ce ta miligiram 1 da sai an haɗa gari da ruwa, an girgiza, an zuƙa, duk da hannu mai rawa. Na hanci, Baqsimi, da Amurka ta amince da shi a 2019, busasshen gari ne miligiram 3. A sa bakinsa a kafa ɗaya, a danna har koren layin ya ɓace, a kwantar da mutum a gefensa saboda amai. Ba ya buƙatar a shaƙa, mura ba ta hana shi aiki, yana jure har digiri 30. Sau ɗaya ake amfani da shi, wanda ya danna don gwaji ya zubar da kuɗinsa.

Sai dai yana da tsada, ba kuma kasafai ake ganinsa a kantunan magani na nan ba. Kuma gulukagon, na hanci ko na allura, sukarin da hanta ta ajiye yake fitarwa. Wanda ya yini da azumi ko ya kwana biyu bai ci ba, rumbun ya yi ƙasa. Wanda kuma ƙwayar gilibenkilamaid ta kayar, sukarinsa zai sake faɗi bayan ya farfaɗo, ruwan gulukos ta jijiya a asibiti ne maganinsa. Mai sauran hankali da ke iya haɗiya, cokali huɗu na shayi na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi ya wadatar, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Sauran biyun ba sa buƙatar dogon bayani. Testosteron na hanci, Natesto, mai ne da ake matsawa sau uku a yini, alhali allurarsa daga mako biyu zuwa uku ce, wata ma mako goma zuwa goma sha huɗu. Kuma ba maganin ƙarfin maza ba ne ga wanda gwajin jini bai nuna ƙarancinsa ba. Mai neman haihuwa ya sani testosteron daga waje yana rage maniyyi. Kalsitonin na hanci kuwa Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi ga raunin ƙashi tun 2012.

In an tsaya a kan feshi

Rabin "maganin bai yi ba" daga hannu ne. Sabuwar kwalba sai an danna ta a iska har feshi ya fito kamar hazo, ga desmofiresin sau huɗu, in kuma ta yi mako ba a taɓa ba a sake danna ɗaya. A fyace majina a hankali. A zauna, kai a miƙe ko ɗan sunkuye, ba a ɗage ba, kwalbar a tsaye don bututun ciki ya nutse a ruwan. A riƙe da hannun dama a fesa kafar hagu, da na hagu a fesa ta dama. Wannan yana karkatar da bakin kwalbar zuwa gefen kunne, nesa da bangon tsakiya inda haɓo ke tashi. A toshe ɗaya kafar, a danna sau ɗaya da ƙarfi, a ja numfashi a hankali. Masu zuƙa kamar garin taba maƙogwaro suke kai wa maganin. In an ji ɗanɗanonsa a baki, ya wuce wurin aikinsa. Atishawa bayan feshi ba dalilin ƙara wani ba ne, domin ba a san nawa ya riga ya shiga ba.

Alwala ta zo kafin feshi, ba bayansa ba. Shaƙa ruwa da fyacewa wanke maganin ne. Mai feshi sau biyu a yini zai ji daɗin ɗaura shi da bayan sallar Asuba da bayan Magariba: tazarar ta kusa awa goma sha biyu, ga shi ba a mantawa. Game da azumi malamai sun saɓa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, abin da ya kai maƙogwaro ta hanci yana ɓata azumi, don haka a tambayi malam, a kuma tambayi likita ko lokacin zai matsa zuwa sahur da buɗa-baki.

A hunturu mutane suna cusa man shanu, basilin ko Robb a hanci saboda bushewa. Maiƙo yana shiga tsakanin magani da fata. Abin da ya fi shi ne ɗigon ruwan gishiri na asibiti, a jira hanci ya tsane, sannan a fesa. Maganin buɗe hanci irin Otrivin yana matse jijiyoyin jinin da ake so su sha homon ɗin. Mai nafarelin kada ya sa shi sai awa biyu bayan feshin homon, mai buserelin aƙalla rabin awa, kuma kada ya wuce mako guda a kansa, in ba haka ba hancin ya koma toshewa fiye da da.

Ajiya: a karanta kwalin, domin kwalabe biyu masu suna ɗaya na iya bambanta. Wadda aka ce firij, a sa ta a tsakiya, ba kusa da wurin ƙanƙara ba. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, tana aiki sosai a busasshiyar iskar Sakkwato kuma tana taimakon maganin da aka ce kada ya wuce 25 ko 30, amma ba ta kai sanyin 2 zuwa 8. Aljihun mota da aljihun riga a kan babur ba wurin ajiya ba ne. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a kuma tambayi mai kantin inda kwalbar ta kwana.

Sai ƙirga. Kwalbar desmofiresin ta mililita 5 feshi 50 take bayarwa cikakku. Bayan haka za a ga sauran ruwa a gindi, amma abin da ke fitowa bai cika awo ba. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. Mai feshi biyu a yini kwana 25 ke gare shi, mai uku kwana 16, kuma wanda ke zaune a Sabon Birni ko Illela ya fara neman ta gaba tun saura mako biyu.